Wasalin da Ban Sa Ba

Shekarun baya, lokacin ina aikin ajiye fayil a wata ma'aikatar gwamnati, muna zaune a Malali, a wani layi da idan damina ta yi nisa kana jin ƙugin kogin Kaduna daga tsakar gida. Mahaifiyata tana wurina. Ƙanena, autanmu, yana bayan layinmu da matarsa da 'ya'yansa biyu. Tela ne, amma yana da 'yar gona a tsallaken kogi, kuma ya fi son gonar nan a kan keken ɗinkinsa.

Ina da aboki, katangarmu ɗaya. Ya yi shekaru a Kudu yana aikin nutso a teku, yana gyaran bututu a ƙarƙashin ruwa, har ranar da wani ƙarfe ya datse masa yatsu uku na hannun dama aka sallame shi. Ya dawo gida da kafaɗa mai ciwo da wani akwatin ƙarfe cike da kayan nutso. Ni nake ce masa Sarkin Ruwa. Shi kuma Alaramma yake ce mini, don ya ga komai nawa da ajami nake rubutawa, har jerin cefane. Ba alaramma ba ne ni, kuma ko kusa ban iya ruwa ba. Iyakar jarumtata a ruwa ita ce bokitin wanka.

Wata Asabar bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidansa, ya zazzage akwatin. Ga tulun iska na ƙarfe, ga rigar da ake ɗaura tulun a bayanta, ga tabarau, ga takalmi irin ƙafar agwagwa. Sai ya ɗago wani dunƙulen ƙarfe mai tiyo-tiyo suna reto.

"Wannan shi ne ran mutum a ƙasa," in ji shi. "Regileta. Kamar na tukunyar gas ɗin girki, sai dai wannan in ya yi kuskure ba miya ce za ta ƙone ba."

Ya bayyana mini cewa iskar cikin tulu a matse take ƙwarai, in ta shiga ƙirji kai tsaye sai ta yaga huhu. Regileta ne ke sassauta ta, ya riƙa ba mutum daidai numfashinsa. Ya ce tun da ya rasa yatsunsa haɗa kayan yake ba shi wahala, yana so a samu wani a unguwar da ya san yadda ake yi.

"Ɗauko littafinka mai tafiya da baya, Alaramma. In faɗa ka rubuta."

Na ɗauko. Yana yi yana faɗa, ina rubutawa. A tsayar da tulu, a ɗaura masa rigar. A duba 'yar robar zoben da ke bakin tulu, in ta tsage a sauya. A cire murfin ƙura daga kan regileta. A ɗora kan a bakin tulu, tiyon da ake sawa a baki ya faɗo dama, na agogon da ke nuna yawan iska ya faɗo hagu. A ɗaure sukurun da yatsu kawai, ban da filaya. A kau da fuskar agogon daga ido. Sannan a murɗa makunnin tulun a hankali, a buɗe duka. Bayan wannan ya faɗi abubuwa biyu, na rubuta su a layi ɗaya, ya ce sauran gwajin na mai shiga ruwa ne, ba ruwana da shi.

Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda muke rubutu. Da baƙar tawada ake fara jera baƙaƙe, in an gama a dawo da ja a bi su da wasali, a sa na bisa, a sa na ƙasa, a sa rufu'a. Baƙi ba wasali ƙashi ne ba nama. Ranar abokina yana sauri, ni ma ina so ya ga hannuna yana gudu, sai na zuba baƙaƙe zalla. Aka kira magariba, na rufe littafin na ce gobe zan bi shi da ja. Na ajiye shi a kan sif.

Damina uku ta wuce. Abokina bai taɓa shiga ruwa ba a tsakanin, amma duk shekara yakan ba wani direba tulu ɗaya ya kai Legas a duba a cika masa. Na taɓa tambayarsa amfanin haka, ya ce don kada ya manta ko shi wane ne.

Ran wata Talata a tsakiyar damina, kafin azahar, aka zo har ofis aka kira ni. Ƙanena ya taso daga gona da ɗanyar masara, kwalekwalen da suka shigo ya bugi wani abu ya kife. Su shida ne. Biyar sun fita.

Kafin in isa bakin kogi mahaifiyata ta riga ni. Ta samu wani dutse ta zauna da carbinta, ba kuka, ba magana. Masunta suka yi ta nutso har rana ta faɗi. Washegari ma haka. Ruwan ja ne wur kamar kunun kanwa, yana tafe da rassa da ciyayi. A yammacin rana ta biyu babban masuncin, wani dattijo Basakkwace, ya ja ni gefe.

"Malam, in gaya maka gaskiya. Akwai gurbi a gindin wancan dutsen, ya kai gaba bakwai ko ya fi. Ambaliya ta kwantar da wata itaciya a ciki. Ƙugiyarmu tana taɓa abu mai taushi a cikin saiwoyin, amma numfashinmu ba ya kai mu can. In dai riƙe shi aka yi, ba zai taso ba."

Na je na durƙusa gaban mahaifiyata na ce ta zo mu tafi gida, jikinta ba zai ɗauki wannan zaman ba. Ta dube ni ta ce, "Ni ban ce a dawo mini da shi da rai ba. Wanda ya ba ni shi ya karɓi abinsa. Amma a ba ni shi a wanke, a sa masa likkafani, a yi masa sallah, in san inda yake kwance. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Da safiyar rana ta uku, bayan mun fito masallaci, na ga abokina yana ɗora akwatin ƙarfen a kan Keke Napep. Matarsa tana bakin ƙofa tana ce masa ya tuna kafaɗarsa, ya tuna shekarunsa. Ni ya duba.

"Alaramma, ɗauko littafinka."

A bakin kogi ya ce tulu ɗaya ne, shiga ɗaya ce, don haka ba a son ɓarnar iska ko kaɗan. Zai bi masunta su je su saki dutse da igiya daidai kan gurbin, don ya samu abin bi zuwa ƙasa. Ni in haɗa kayan kafin ya dawo.

Na shimfiɗa buhu na jera kayan. Mutane suka kewaye ni. Ina jin wani yana ce wa na kusa da shi, "Ai yayan mamacin ne, malami ne, a rubuce yake da abin." Allah ya yafe mini, a cikin wannan baƙin cikin ma sai da na ji wani abu ya ɗan kumbura a ƙirjina.

Na bi littafin layi-layi. Na duba zoben roba, lafiya lau. Na cire murfi, na ɗora kan regileta, tiyon baki dama, agogo hagu. Na ɗaure da yatsu. Na kau da agogo, na murɗa makunni a hankali har ƙarshe. Tiyo suka miƙe, allura ta haura ta tsaya a cike. Sai na zo layin ƙarshe. Ga abin da ke wurin: ka buɗe duka, ka, sai kaf da lam tsirara, bakin tulu, ka mayar kaɗan.

Kaf da lam. Ba wasali ko ɗaya.

Na tsaya. In na sa wasali bisa a kan kaf, na ƙasa a lam, kalli ke nan: ka kalli bakin tulu. In na sa rufu'a da ɗigon ƙasa, kulle ke nan: ka kulle bakin tulu. Dukansu Hausa ce, dukansu sun zauna daram a jimlar. Na lalubi ƙwaƙwalwata in tuna abin da ya faɗa a gindin mangwaro, ban samu komai ba sai kiran magariba.

Kwalekwalensu bai fi nisan kira ba. Da na ɗaga murya zai ji. Ko in jira ya dawo in tambaye shi. Amma ga mutane a kaina, ga shi an ce malami ne, a rubuce yake da abin. Sai na yi wa kaina fassara: ai yanzu ya ce ba a son ɓarnar iska. Ashe ke nan ana buɗewa ne a gwada, a kulle, sannan a mayar kaɗan yadda iskar za ta riƙa fita a hankali ta daɗe. Abin ya yi mini daidai da hankali. Na murɗa makunnin har ya rufe, na dawo da shi ɗan kaɗan. Na dubi agogo, allura tana nan a cike. Na ce alhamdu lillahi.

Ya dawo, ya tuɓe tabaraunsa na karatu ya miƙa mini, muka saɓa masa kayan.

"An buɗe?"

"Yadda ka faɗa."

Ya sa tiyon a baki ya ja numfashi sau uku, ya gyaɗa kai. Ya je gaban mahaifiyata ya rusuna da tulu a baya. "Inna, a yi mana addu'a."

"Allah ya kai ka ya dawo da kai, ɗana," in ji ta.

Na shiga kwalekwalen duk da tsoron ruwa. Ya ɗaura wata siririyar igiya a ƙugu, ya ba dattijon bakinta, ya ce ja ɗaya lafiya ke nan, ja uku ya same shi. Ya riƙe igiyar dutsen ya nutse. Muka zuba ido ga kumfan da ke tasowa ruwa yana janye su.

Ja ɗaya. Can an jima, ja ɗaya. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san bakina ya bushe da salati. Sai igiyar ta motsa sau uku a hannun dattijon.

"Ya same shi," ya faɗa a hankali. Wani matashin masunci ya ɗaga hannu ya nuna wa na tudu. Na hango mutane sun motsa, na hango mahaifiyata ta miƙe tsaye a karon farko.

Daga nan kumfan suka ragu. Igiyar ta shiga fizga ba lissafi. Dattijon ya ce a ja, kafin su ja sosai sai ga abokina ya ɓullo gefen kwalekwale, abin bakin ya fita, jini a hancinsa da kunnensa na dama. Suka ciccibo shi. Yana tari, jini yana biyo tarin. Hannunsa na hagu a dunƙule yake, da wani ƙyalle a ciki.

Da aka zare masa rigar, ya jawo tulun kusa da shi. Ya kama makunnin ya murɗa wajen buɗewa. Ya juya. Ya sake murɗawa, ya juya. Ya sake, ya juya. Ya ɗago ya dube ni. A nan na san wane wasali ne.

Da numfashinsa ya ɗan dawo, ya ce wa dattijon, "Ƙafarsa ce ta maƙale a saiwa. Na warware ta. Ina cikin zagaya masa igiya iska ta ɗauke. Hannuna bai kai makunnin ba."

Dattijon ya dubi yadda ruwan ke gudu ya yi ƙasa, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kowa a kwalekwalen ya gane. Kwana uku saiwa tana riƙe mana shi a wuri ɗaya. Yanzu an kwance shi, an sake shi.

Daga baya ne abokina ya fahimtar da ni. Makunnin da aka buɗe kaɗan yana isar mutum a tudu, agogo ma zai nuna a cike. Amma a ƙasa, inda ruwa ya danne ƙirji kuma mutum yana aiki, 'yar ƙofar nan ba ta iya ba shi abin da yake ja.

Abin da ya fi ci mini rai a ranar, ko rabin iskar tulun ba a shaƙa ba. Ga iska, ga kaya lafiyayyu, babu mai shiga. Na ce a ɗaura mini. Dattijon ya ce, "Malam, gawa biyu kake so mu nema?"

A tudu abokina ya sa aka tallabe shi har gaban mahaifiyata. Ya buɗe hannunsa. Aljihun rigar ƙanena ne, ya yage da zarensa. Ta karɓa, ta shafa ɗinkin da babban yatsa. Ɗinkinsa ne, da hannunsa ya yi.

"Inna, ki yafe mini," ya ce. "Na riƙe shi. Kayan ne suka tsufa."

Ina tsaye a bayansa. Ban buɗe baki ba.

Mako guda masunta suna bin kogi, suka wuce gada, suka wuce ƙauyukan ƙasa. Ba a same shi ba. Limaminmu ya ce shi a karatunsa ba a sallar gawa sai ga gawa. Wani malami a Unguwar Dosa ya ce ana yi, ya tara mutane aka yi. Mahaifiyata ta yi wa duka biyun godiya, ta koma ɗaki ta naɗe aljihun a farin ƙyalle.

Na je duba abokina a asibiti. Likita ya ce dodon kunnen dama ya fashe, huhu ya taɓu, shi da nutso har abada. Ina shiga ya ce, "Zagayo hagu, Alaramma. Na dama ya yi ritaya."

Na zagaya. Na fito da littafin. Shi bai iya ajami ba, ya ce in karanta masa layin. Na karanta yadda na karanta a bakin kogi.

"Kalli na ce. Ka kalli bakin tulu, ka ga ko iska tana tsiyaya, sannan ka ɗan mayar da makunnin baya kaɗan yana buɗe. Wa zai ce maka ka kulle wa mutum numfashi?"

Na nuna masa baƙaƙen biyu, na yi masa bayanin wasali kamar mai karantar da yaro, ina yi hawaye suna zuba a kan takardar.

"Ni ma da nawa," ya ce. "Gwajin da na ce na mai shiga ruwa ne, shi ne ka ja numfashi idonka a kan allura. In ta yi rawa, makunni bai buɗu ba. Na ja numfashin, amma tabarauna yana hannunka. Ban ga komai ba, na gyaɗa kai don mutane suna kallo." Ya yi tari. "Kada ka gaya wa Inna. Ta rasa ɗaya a ruwa, kada ta rasa ɗaya a gida. Ka bar ta da tsufan kaya."

Na bar ta da shi. Shekara shida ta yi bayan haka. Duk lokacin da aka ji an tsamo wata gawa a kogi, ko a ina ne, sai ta kira ni ta ce in je in duba. Nakan je. Nakan dawo in ce ba shi ba ne. Sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Kai dai ka yi iyakar ƙoƙarinka a kan ɗan'uwanka." Ban taɓa jin wannan addu'ar ban ji kamar ana ɗora mini dutse ba. Sau biyu na shiga ɗakinta da niyyar faɗa, sau biyun na ɓuge da tambayar ko ta sha magani.

A ciwonta na ƙarshe ta kama hannuna ta ce, "In an same shi, a sa shi kusa da ni." Na ce to. Da muka kai ta makwancinta na tsaya ina duban filin da ke gefenta. Kafin wata ya zagayo an sa wani a wurin.

Waɗanda suka san labarin, kuma ba su da yawa, sukan ce mini ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Kwanan ƙanena ya ƙare tun kafin in buɗe littafin nan, ba ni na kife kwalekwale ba. Amma kabarin da uwata ta roƙa, da kunnen abokina, waɗannan ina ganinsu a tsakanin kaf da lam. Kuma ba rashin wasalin ne ya fi damuna ba. Na ga wurin da ban gane ba, na san ban gane ba, mai amsar yana nisan kira, na zaɓi in yi shiru don kada a ce malam bai iya karanta rubutunsa ba. Na nemi gafarar Allah a kan wannan, ina kuma sa rai. Gafarar mahaifiyata ce ban nema ba, don ban taɓa gaya mata abin da za ta yafe ba, yanzu kuma babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Abokina yana nan, ya tsufa, har yau ta hagu nake zama. Bai taɓa tayar da maganar ba. Akwatin ƙarfen yana ƙarƙashin gadonsa, ya daina aika tulun Legas. 'Ya'yan ƙanena sun girma. Ranar sallah in mun je ziyarar maƙabarta, sukan tsaya a kan kabarin kakarsu su yi addu'a, sannan su ɗan juya wajen kogi su sake ɗaga hannu. Ba wanda ya koya musu.

Littafin yana wurina. Bayan rasuwar mahaifiyata na jiƙa jar tawada na zauna na bi shafin nan tun daga sama, baƙi bayan baƙi. Da na zo kaf na sa masa wasali bisa, na sa wa lam na ƙasa. Aikin bai kai tsawon numfashi ɗaya ba. Yanzu ko ɗan shekara bakwai ya ɗauka zai karanta daidai: ka kalli bakin tulu. Babu dai wanda zai sake buƙatar karantawa.